Gani Ya Kori Ji: Hatsarin Kumbon Challenger na 1986 da Matsayin Shaidar Baka a Binciken Tarihin Iyali

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hatsarin kumbon Challenger na Amurka a matsayin ma'aunin da za a iya gwada shaidar baka da shi. Ta nuna cewa abin da mutum ya fi tabbatar da shi game da ranar masifa yakan sauya ba tare da saninsa ba, kuma duk da haka akwai tarihin da ba ya samuwa sai daga bakin dangi.

1.0 Gabatarwa

Mai binciken tarihin iyali a Amurka yana dogara ne da takardun haihuwa da na aure da na mutuwa, da kuma bayanan ƙidayar jama'a. Sai dai dokar ƙasar ba ta sakin bayanan ƙidaya masu ɗauke da sunayen mutane sai bayan shekara 72. A watan Afrilun 2022 aka saki na 1950, na 1980 kuwa sai 2052. Saboda haka wanda yake son rubuta rayuwar iyayensa a shekarun 1980 tilas ya koma ga abin da suka riƙe a ka. Daga cikin tambayoyin da aka saba yi wa dattawa a irin wannan hira akwai inda suke lokacin da Challenger ya tarwatse.

2.0 Abin da Takardu Suka Tabbatar

Ranar Talata, 28 ga Janairun 1986, da ƙarfe 11:38 na safe, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, ta harba Challenger daga Cibiyar Kennedy a jihar Florida. Bayan daƙiƙa 73 kumbon ya wargaje, mutum bakwai da ke cikinsa suka rasu: Francis Scobee, Michael Smith, Judith Resnik, Ellison Onizuka, Ronald McNair, Gregory Jarvis da Christa McAuliffe. Ita McAuliffe malamar sakandare ce daga Concord a jihar New Hampshire, wadda aka zaɓa daga cikin malamai fiye da 11,000 domin ta koyar da darasi daga sararin samaniya.

Kwamitin bincike ƙarƙashin William Rogers ya miƙa rahotonsa a watan Yunin 1986. Ya gano cewa zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar dama ya ƙage saboda tsananin sanyin safiyar, har wuta ta sami kafar fita. Ya kuma gano cewa injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar, Morton Thiokol, sun yi gargaɗi tun daren jajibiri, amma shugabanni suka amince a yi harbin. Kumbo irinsa bai sake tashi ba sai a watan Satumban 1988.

3.0 Abin da Ƙwaƙwalwa Ta Riƙe

Amurkawa da yawa suna cewa da idonsu suka ga hatsarin kai tsaye a talabijin. Ga waɗanda suke ɗalibai a lokacin, hakan na iya zama gaskiya, domin NASA ta shirya a nuna harbin a makarantu saboda McAuliffe, tashar CNN ma ta nuna shi. Amma manyan tashoshin ƙasar ba su yanke shirye-shiryensu ba sai bayan abin ya auku, kuma lokacin aiki ne. Akasarin manya maimaicin hoton suka gani, wanda aka wuni ana nunawa.

Washegarin hatsarin, masanin halayyar ɗan Adam Ulric Neisser na Jami'ar Emory ya sa ɗalibai 106 su rubuta yadda suka sami labarin: a ina suke, me suke yi, wa ya gaya musu. A ƙarshen 1988 shi da Nicole Harsch suka sake yi wa 44 daga cikinsu tambayoyin. Sakamakon da suka wallafa a 1992 ya nuna cewa matsakaicin makin dacewa da bayanin farko bai kai 3 cikin 7 ba, kuma mutum 11 ba su dace a ko da abu ɗaya ba. Amma da aka tambaye su yadda suka amince da abin da suke tunawa, matsakaicin ya haura 4 cikin 5. Da aka nuna musu rubutun hannunsu na 1986, sun yarda nasu ne, sai dai tunanin farko bai dawo musu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na wanda a bakin wani ya fara jin labarin, amma daga baya ya haƙiƙance cewa a talabijin ya fara ganinsa. Hausawa na cewa gani ya kori ji domin fifita shaidar ido. A nan kuwa korar ta zahiri ce: hoton da aka yi ta maimaitawa ya ture abin da kunne ya fara ji, ya zauna a gurbinsa. Babu wanda ya yi ƙarya cikin ɗaliban, kuma wannan ne ya sa matsalar ta yi wa mai bincike nauyi, domin gaskiyar mai riwaya ba ta isa ta tabbatar da ingancin riwayarsa ba.

4.0 Abin da Dangi Kaɗai Suka Sani

Wannan ba ya nufin a yi watsi da shaidar baka. Takardun hukuma sun nuna cewa Ronald McNair ya sami digirin digirgir a fannin fiziks daga MIT a 1976, kuma shi ne baƙar fatan Amurka na biyu da ya je sararin samaniya. Amma ɗan'uwansa Carl McNair ne ya naɗi labarin 1959 a shirin tarihin baka na StoryCorps. A garinsu Lake City na jihar South Carolina, Ronald yana ɗan shekara tara ya ƙi fita daga ɗakin karatu da aka hana baƙar fata aron littafi, har aka kira 'yan sanda da mahaifiyarsa, kuma a ƙarshe ya tafi gida da littattafan. Yau ginin yana ɗauke da sunansa. Rahoton Rogers ya bayyana musabbabin hatsarin da McNair ya rasu a cikinsa, amma ƙuruciyar da ta kai shi kumbon daga bakin danginsa aka same ta.

5.0 Kammalawa

Darasin da ke nan ya shafi duk mai tattara tarihin zuriya, ko a wace ƙasa yake. Ya kamata ya rubuta riwayar dattijo yadda ya faɗe ta, tare da ranar hirar, kada ya gyara masa. Sannan ya auna wuri da lokaci da jerin abubuwa da wasiƙu da jaridu da rajistar makaranta na zamanin. Idan riwaya da takarda suka saɓa, ya ajiye su duka biyu ya bayyana saɓanin, domin jikokin da za su karanta suna da haƙƙin sanin abin da ya faru ranar 28 ga Janairun 1986, da kuma yadda kakansu ya ci gaba da tuna ta.