Gandun Dabbobi: Tarihin Rasha a Bakin Aladu

Da yawa daga cikinmu mun karanta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi a 1975. Mun sha dariyar Maitumbi da Ɗantulu, mun ji tausayin Akawal, amma ba kowa ya san cewa tarihin Tarayyar Sobiyet ne aka mayar tatsuniya ba.

Mai littafin na asali, George Orwell, ɗan Ingila ne, kuma shi kansa ɗan gurguzu ne. A ƙarshen 1936 ya tafi Sifen ya yaƙi sojojin Franco, har harsashi ya huda masa wuya a 1937. Can ya ga 'yan kwaminis masu bin umarnin Mosko sun juya kan abokan yaƙinsu, suna kama su da sunan maciya amana. Da ƙyar ya tsira. Don haka sukarsa ta ɗan gida ce, shi ya sa ta yi zafi.

Korar manomi Nomau daga gandunsa ita ce juyin juya halin 1917 da ya kifar da Sarki Nikolas na Biyu. Maitumbi shi ne Stalin. Ɗantulu kuwa Trotsky ne, wanda aka kora daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Meziko aka kashe a 1940. Karnukan da Maitumbi ya raina a ɓoye su ne 'yan sandan ciki, dabbobin da suka amsa laifin da ba su yi ba aka yayyaga su kuma suna tuna mana da shari'o'in Mosko na 1936 zuwa 1938.

Amma a ganinmu ba a wurin zubar da jini gandun ya lalace ba. Tun ranar farko aka tatsi shanu, madara ta ɓace. Daga baya aka gane aladu ne ke sha, har suka haɗa da tuffa, wai su masu aikin ƙwaƙwalwa ne, in suka rame Nomau zai dawo. A wannan magana har Ɗantulu, da muke gani kamar mutumin kirki, bakinsa ɗaya da Maitumbi. Sauran dabbobi suka yi gunaguni suka yi shiru. Orwell da kansa ya faɗa a wata wasiƙa cewa nan ne labarin ya juya.

Sai kuma dokoki bakwai da aka rubuta a bango. Ba a goge su gaba ɗaya ba, ana dai ƙara 'yar kalma cikin dare, yau kan kwanciya a gado, gobe kan kisa, jibi kan giya. Yawancin dabbobin ba su iya karatu ba, in wata ta ce ba haka ta tuna ba, sai a nuna mata bango. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin rubuta bayanan taro ya san nauyin kalma guda. Stalin ma haka ya yi, har hotuna ake gyarawa a cire wanda aka kashe. Akawal, dokin da ya yi ta bauta har ƙarfinsa ya ƙare, sayar da shi aka yi ga masu yankan dawakai, aladu suka sayi giya.

Da Orwell ya gama rubutun a 1944, kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓa, ciki har da wanda mawaƙi T.S. Eliot ke aiki, don lokacin Stalin abokin Ingila ne a yaƙi da Hitler. Sai a watan Agustan 1945 ya fito.

Littafin ya ƙare ne da aladu da mutane a tebur ɗaya suna karta, an kasa bambance su, wato bai bar 'yan jari-hujja ba su ma. Orwell ya rasu a 1950. A 1954 aka yi fim ɗin zane na labarin da kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, aka sauya ƙarshen: dabbobi suka tashi suka kifar da aladu, mutanen kuwa aka cire su daga teburin.