Firigon Yaya da tarihin sanyi a ƙasar Kurfey

A azumin 2022, wanda ya faɗo cikin watan Afrilu, yayata ta kira ni daga Filinge da rana tsaka. "Ƙanena, firigon nan ya ƙi yin ƙanƙara. Kwana uku ke nan, ruwa nake sawa, ruwa nake cirewa." Injin na ta gurnani ba ya hutawa, amma gidan ƙanƙara ko leda ɗaya bai daskarar ba. Da cinikin ƙanƙara da zoɓo take riƙe da yara huɗu, kuma watan azumi shi ne kakarta.

Mai gyara na farko ya ce gas ne ya ƙare. Kusan kullum haka suke cewa. Aka zuba, aka biya, shiru. Na biyun, wani dattijo, bai taɓa gas ba. Ya sa aka jawo firigon daga jikin bango, sai ga ƙurar hunturu ta toshe ragar ƙarfen da ke bayansa. Ya maƙala takarda a bakin ƙofa ya ja, ta fito salin alin, alamar robar ta saki. Daga nan ya nuna wa Yaya wani harafi a ƴar takardar da ke manne a ciki: N. "Hajiya," in ji shi, "wannan ba don garinmu aka ƙera shi ba."

Gaskiya ya faɗa. Masu ƙera firji suna rarraba shi bisa zafin da zai iya jurewa: mai N ya tsaya a digiri 32, mai ST a 38, mai T a 43. Na Yaya na hannu ne, ɗan Turai, irin waɗanda ake saukewa a tashar Kwatano. A Filinge kuwa, zafin Afrilu kan haura 40. Firji ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin cikinsa yake kwashewa ya zubar ta baya, kuma idan ɗakin ya riga ya zama tanda, ina zai zubar?

Wannan ya sa na koma tunanin yadda Kurfayawa suka sha ruwan sanyi kafin zuwan wannan baƙo. Randa a gindin rumfa, salka rataye inda iska ke kaɗawa. Ruwa na tsatsowa ta jikin yumɓu ko fata, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Busasshiyar iskar bazara, wadda ke galabaitar da firji, ita ce ke sa randa ta yi sanyi sosai. A kan wannan dabara Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gina tukunyarsa mai tukunya a ciki da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci kyautar Rolex a 2000.

Abin da randa ba ta iya adanawa kuwa, sai a busar. Ƙasarmu ta shanu ce. A Tukunus, arewa da Filinge, akwai tashar kiwon shanun Azawak tun 1954. Madarar da ba za ta kwana ba a mayar da ita cuku, nama ya zama kilishi. Ni a ganina, rabin abincin da muke tinƙaho da shi rashin firji ne ya haife shi.

Firjin farko da na gani da idona a ɗakin shan magani ne, kuma da kananzir yake aiki. Wasu ɗalibai biyu a Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙago irinsa a 1922: ba inji, ba ƙara, harshen wuta ne ke tura ruwan sinadarin. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rigakafin yara a 1974, irin waɗannan firji suka bazu a karkara don ajiye allurai. Malamin asibiti kan gyara lagwani kamar mai renon jinjiri, don idan wutar ta yi hayaƙi, allurar ƙyanda ta lalace. Mu yara mamakinmu shi ne yadda wuta ke haifar da ƙanƙara.

Na lantarki ya biyo waya. An kammala madatsar Kainji a 1968, kuma a 1976 layi ya iso Yamai ta Birnin Kebbi. Mun san nauyin wannan waya a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali daga can Nijar ke samun wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarta. Sai a Maris na 2024 aka mayar.

Firigon Yaya dai an share masa baya, an canja roba, an fitar da shi daga ɗakin kwano zuwa zauren ƙasa, an bar tazarar taƙi tsakaninsa da bango. Dattijon ya hana ta cusa leda sittin lokaci guda. Ashirin, bayan isha'i, kuma kada a buɗe sai asuba. Ranar sha tara ga azumi ta turo mini hoton ƙanƙara a faranti. Randar tsakar gida kuwa tana nan inda mahaifiyarmu ta girke ta, kuma daga cikinta Yaya ke buɗe baki, don ta ce ruwan firigo na sa mata ciwon haƙori.