Alfadarin Kuɗi: Tarihin Wasu Kwabbai da Aka Buga Bisa Kuskure

A wannan 'yar maƙala muna son mu waiwayi wani lungu na tarihin kuɗinmu wanda ba kasafai ake leƙawa ba, wato kwabban da maƙera suka yi kuskure wajen buga su, kuskuren nan kuma ya zamo shi ne darajarsu.

Dattawanmu sun san kwabo mai huji da ɗari da anini, waɗanda suka maye gurbin wuri a kasuwanninmu. Tun daga 1912 Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ce ke kula da su, galibi a Ingila kuma ake buga su. Ƙaramin harafin H da ake gani jikin wasunsu alama ce ta maƙerar Heaton da ke birnin Bamingham. Kowane kwabo da hatimi biyu ake danne shi, ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Idan aka gama hatiman da ba abokan juna ba, masana kuɗi kan kira abin da ya fito "alfadari", domin shi ba doki ba, ba jaki ba.

Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu na 1936, ya yi murabus a watan Disamba. A Ingila kuɗinsa bai shiga hannun jama'a ba, amma a ƙasarmu an kashe kwabo mai sunansa, saboda kwabo mai huji ba ya ɗauke da hoton sarki, suna da kambi kawai ake sawa. A wannan shekara aka gama hatimin Afirka ta Gabas da na Afirka ta Yamma a kwabo guda. A 1945 kuma wani tsohon hatimi ya koma bakin aiki, sai ga kwabo da sunan Edward, shekara tara bayan saukarsa. Haka aka sake yi a 1956, inda sunan Sarki George na Shida ya fito, alhali ya rasu tun 1952.

Wannan sha'awa ba ta tsaya kan kuɗinmu ba. A 1943 Amurka ta koma buga santi da baƙin ƙarfe, don yaƙi ya cinye tagulla, amma 'yan ƙalilan suka kuɓuce aka buga su da tagullar. A 2010 an sayar da ɗaya kan dala miliyan 1.7.

Namu alfadaran ba su kai wannan tsada ba, sai dai shaidu ne na zamanin da ake yanke mana kuɗi a wata ƙasa, ana shirya mana shi ba da saninmu ba. Tun da Nijeriya ta fitar da nata kwabban a 1959, naira kuma ta zo a 1973, tsofaffin kuɗin suka koma ƙasan adaka da tukwanen kakanni, wasu suka ƙare a maƙera. Don haka muna kira ga ɗalibanmu, in an je gida hutu a duba, a gwada sunan sarki da shekarar da ke jiki kafin a zubar.