Ƙurar Hunturu: Tafiyarta Daga Hamada Zuwa Kano da Tekun Atlantika

Daga watan Nuwamba zuwa Maris na kowace shekara, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas ta lulluɓe Jihar Kano da hazo. Manomi a karkara da ma'aikaci a rukunin masana'antu na Sharaɗa, Chalawa da Bompai duk sun san wahalarta: tari, kaushi, ciwon ido, da ƙurar da ke toshe injuna. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan ƙura taki ce, tana ciyar da gonakinmu, tana kuma ciyar da halittun teku masu nisan dubban kilomita daga nan.

Inda ƙurar take tasowa

Mafi yawan hazon da ke sauka a Kano yana fitowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, kusa da garin Faya Larjo, tazarar fiye da kilomita 1,000. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, wannan kwari yana ƙarƙashin ruwan tsohon Tafkin Chadi, wanda a wancan zamani ya ninka na yau sau da yawa. Da ruwan ya ja baya, sai ya bar farar ƙasa mara nauyi, wadda ta samu daga ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu. Iska kan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan ƙasa zuwa sama, kimanin kwana 100 a shekara. Cikin kwana ɗaya ko biyu hazon ya iso Kano.

Ƙurar tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, da fotashiyam, da kuma fosfaras, wato sinadarin da manoma ke saya a cikin takin sufa. A ƙarshen shekarun 1970 wani masani, Grant McTainsh, ya auna ƙurar da ke sauka a yankin Kano, ya wallafa sakamakonsa a 1980. Nazarin ƙasa ya nuna cewa wani sashe na ƙasar noman Kano da Zariya ƙura ce da iska ta tara cikin dubban shekaru.

Yadda take ciyar da teku

Ƙurar da ba ta sauka a kan tudu ba takan wuce kudu da yamma, ta faɗa Tekun Atlantika. Masu jiragen ruwa sun daɗe da sanin haka. A watan Janairu na 1832 Charles Darwin ya tattara irin wannan ƙura a kan jirginsa kusa da tsibiran Cape Verde. A 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka, ta amfani da tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara kowace shekara.

A saman ruwan teku akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su ne abincin ƙananan halittu, waɗannan kuma su ne abincin kifi. Kusan rabin iskar shaƙa da tsirrai ke samarwa a duniya daga gare su take. Kamar gero da dawa, su ma sai da taki, kuma tsakiyar teku tana da ƙarancin ƙarfe domin ta yi nisa da bakin koguna. Nan ne ƙurar hamada take shigowa. Akwai wani jinsi daga cikinsu, Trichodesmium, da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, kamar yadda wake da gyaɗa ke yi wa gona, amma ba ya iya wannan aiki sai ya sami ƙarfe mai yawa. A 1993 aka gwada zuba ƙarfe a wani yanki na Tekun Fasifik, aka ga tsirran sun yawaita cikin 'yan kwanaki.

Taki idan ya yi yawa yakan zama illa. Masana sun danganta ƙurar Sahara da yaɗuwar wata gansakuka mai guba da ke kashe kifi a gaɓar Filorida ta Amurka.

Hayin teku kuwa, binciken 2015 ya nuna kimanin tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon, ɗauke da tan 22,000 na fosfaras. An daɗe ana cewa Bodele ce babbar tushen wannan taki, sai wani bincike na 2020 ya nuna cewa yawancin ƙurar Bodele tana sauka tun a Afirka, kuma ta yankin Mali da Muritaniya ce ta fi isa can. Ke nan babban rabo namu ne.

Tasiri a kan yanayi

Tsirran teku suna zuƙe iskar kabon mai ɗumama duniya, idan sun mutu wani kaso ya nutse da ita ƙarƙashin ruwa. Hazo kuma yana tare hasken rana, ya sanyaya saman teku. Busasshiyar iskar da ke tafe da shi tana raunana manyan guguwoyin da ke haɗuwa a Atlantika, kamar yadda aka lura a lokacin gagarumin hazon da ya kai yankin Karibiyan a watan Yuni na 2020.

Abin da ya shafi Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Ƙura ba ta barin Kano kamar yadda ta shigo. A sanyin safiyar hunturu iska takan kwanta ƙasa, ta riƙe hayaƙin janareto, da na tukwanen dafa ruwa na majemu da masaƙu, da na ƙona shara da roba. Wannan hayaƙi yana manne wa ƙura, shi ya sa hazon unguwannin masana'antu ya fi na ƙauye cutar da ƙirji. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa hayaƙi mai tsami, da na ƙonen daji, yana sa ƙarfen da ke cikin ƙura saurin narkewa idan ya faɗa ruwa.

Hamada ba ta hannun kowa, amma hayaƙi yana hannunmu. Ya kamata jami'an tsaftar muhalli na ƙananan hukumomin da waɗannan masana'antu suke, musamman Kumbotso da Nasarawa, su tsananta hana ƙona shara tsakanin Disamba da Fabrairu, masu masana'antu kuma su ba ma'aikata takunkumin rufe hanci. Dagatai da masu unguwanni su ja hankalin manoma su bar karan hatsi da ciyawa a gona, domin su ne ke kama ƙurar da ta sauka. Gonar da aka share aka ƙone, iska ce ke kwashe takinta. Da yake lokacin hazo shi ne lokacin sanƙarau, duk wanda ya kamu da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a gaggauta kai shi asibiti. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da sanarwar zuwan hazo, kuma gidajen rediyo kan karanta ta.