Matasan 'Yan Wasan Kano Pillars da Tarihin Tafiyarsu Waje

Rabuwa da matashin ɗan wasa a daidai lokacin da ya fara tashe abu ne da masoya ƙwallon ƙafa a Kano suka saba da shi tun kafuwar Kano Pillars a 1990. An samar da ƙungiyar ne ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, a shekarar da Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru, kuma Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana kan gaba a wannan aiki. Pillars ta gaji 'yan kallon da Raccah Rovers ta tara, wato ƙungiyar Kano da ta lashe gasar ƙasa a 1978. Sai dai ba ta gaji zamanin Raccah ba, domin kafin ta kafu ƙofar Turai ta riga ta buɗe.

A zamanin da ya gabaci wannan, yawancin manyan ƙungiyoyin Najeriya na kamfanoni ne da bankuna da hukumomin gwamnati. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa yana cikin takardar albashi, in ya ajiye takalmi kuma sau da yawa akwai kujerar da ke jiransa a ofis. Naira tana da daraja, don haka barin gida bai zama dole ba. Abin ya juya a tsakiyar shekarun 1980. Stephen Keshi ya tsallaka Abijan, daga nan ya wuce Beljiyam a 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, naira ta fara zubewa. Kamfanoni suka riƙa watsar da ƙungiyoyinsu, gwamnatocin jihohi suka ɗauki nauyin waɗanda suka rage, albashin ɗan wasa kuma ya koma jiran sa hannun kwamishina.

Matasan Arewa da suka fara bin sawun Keshi yawancinsu 'yan Kaduna ne. Daniel Amokachi ya bar Ranchers Bees ya tafi Club Brugge a 1990 yana ɗan shekara 17. Tijani Babangida ya bar Niger Tornadoes ya koma Roda JC ta Holan, wadda ta ba da shi aro ga VVV-Venlo. Celestine Babayaro ya tafi Anderlecht, Garba Lawal ma ya ƙare a Roda. A wancan lokaci wanda ya tafi ya ɓace wa idon masoyansa, sai in ƙasa ta kira shi a gan shi a talabijin. Amma da waɗannan huɗun suka dawo da lambar zinariya daga gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda Babayaro da Amokachi suka zura ƙwallo a wasan ƙarshe da aka doke Ajantina 3–2, sai muhawara ta kusan mutuwa a Arewa. Fita waje ta zama shaidar cewa yaro ya iya, kuma masu ɗan ƙorafin cewa ana kwashe 'yan wasan gida suka rasa mai sauraronsu.

Akwai dalilin da ya sa wannan ra'ayi ya zauna daram a Kano fiye da yadda baƙo zai zata. Garin fatauci ne da ci-rani, inda saurayi ke barin gida bayan kaka ya je neman abin kansa, ba wanda zai kira shi maci amana, illa dai ana sa ran ya dawo da abin da zai nuna. Da wannan ido 'yan kallo suka riƙa duban ɗan ƙwallon da ya samu fita. Addu'a ake bin sa da ita, a ce Allah ya sa a dace, Allah ya sa gaba ta fi baya. Abin da ba a yafewa shi ne ya samu ya manta da unguwarsu.

Sani Kaita yana cikin na farko da Pillars ta rasa ta wannan hanya a idon kowa. Ya buga wa Najeriya gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005, inda aka kai wasan ƙarshe, kuma a shekarar Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. Tafiyarsa ta zo daidai da yaɗuwar gidajen kallon ƙwallo a unguwannin Kano: rumfar kwano, benci a jere, janareta na ruri a waje, allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli tare da kuɗin shiga. Waɗannan gidaje sun raba zuciyar ɗan kallo gida biyu. Mutum ɗaya ne zai shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da la'asar yana kirarin «Sai Masu Gida», da daddare kuma ya zauna yana rantsuwa da Chelsea ko Barcelona. Wanda ya saba ganin Turai a matsayin ƙololuwa ba zai iya cewa yaron unguwarsu kada ya je can ba.

Babu tafiyar da ta fito da wannan rabuwar zuciya fili kamar ta Ahmed Musa. An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992, ya taso a makarantar koyon ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH ta Jos, sannan aka kawo shi Pillars aro a kakar 2009/2010. Ya tarar da ƙungiya tana kan ganiyarta. Ta lashe gasar ƙasa karon farko a 2008, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. A cikin irin wannan tawaga yaro ɗan shekara 17, siriri, mai gudun da masu tsaron baya ba sa iya kamowa, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda. Ba a taɓa cin wannan adadi ba tun buɗe gasar ƙwararru, kuma tarihin ya tsaya har Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba.

Kafin 'yan kallo su gama koyon sunansa, VVV-Venlo, wadda Babangida ya taɓa yi wa wasa, ta ƙulla ciniki. Dokar FIFA da ta hana tsallakar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18 ce kaɗai ta jinkirta tafiyar zuwa Oktoban 2010. Kaka ɗaya tak Kano ta more shi a wancan karon.

Maganganun da ake yi a majalisu da teburin mai shayi kan irin wannan tafiya ba su cika sauyawa ba. Akwai masu cewa an yi gaggawa, da an bar yaro ya ƙara kaka ɗaya ya yi ƙwari, ƙungiya ta ci kofi da shi, farashinsa ma ya ƙaru. Wannan magana tana da ƙarfi a bakin dattawan da suka ga zamanin Raccah, waɗanda ke auna ɗan wasa da shekarun da ya yi wa riga hidima. Matasa kuwa suna mayar da martani da cewa ƙwallo ba ta da tabbas: taku ɗaya a mummunan fili ya isa ya raba mutum da sana'arsa, ga albashin da ake bin ƙungiyoyin gwamnati bashi wata da watanni, ga tafiyar mota mai haɗari daga wannan kusurwar ƙasa zuwa waccan. Wannan ba zuƙi ta malle ba ce. A Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa, ciki har da ɗan wasan gaba Gambo Mohammed. Wanda ya san haka da wuya ya ga laifin yaron da ya samu jirgi ya hau.

Inda muryoyi ke haɗuwa su yi zafi shi ne batun kuɗi. Tambayar da ake yi ita ce nawa aka sayar da shi, kuma aljihun wa kuɗin suka shiga. Ƙungiya ta gwamnati ce, ba a saba bayyana lissafin ciniki ga jama'a ba, don haka zargi ke cike gurbin bayani. Sau da yawa kuma 'yan kallo ba su san cewa yaron da suke yi wa kirari ba mallakin ƙungiyarsu ba ne. In aro aka karɓo shi, kamar yadda aka karɓo Musa, kaso mai tsoka na wanda ke riƙe da takardunsa ne. Dokokin FIFA da suka fara aiki a 2001 sun tanadi ladar horarwa ga ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa, sun kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa zuwa wata ƙasa don a raba wa waɗanda ya zauna da su daga shekara 12 zuwa 23. Amma ana karɓar wannan haƙƙi ne da rajista da takarda, abin da ƙananan ƙungiyoyin unguwa da suka fara gano yaron ba su cika adanawa ba. A nan hasarar gaske take, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta.

Abin da ya biyo baya ya sanyaya zukata. Pillars ta lashe gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ba tare da Musa ba, kuma ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ba, sai da Nasarawa United ta yi hakan a 2015. Shi kuwa ya koma CSKA Moscow a Janairun 2012, ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya tafi Leicester City a 2016 a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16, ya kuma ci Ayislan biyu a 2018. Duk ƙwallon da ya ci, Kano ta ƙirga ta a matsayin tata, ko da yake haifaffen Jos ne. Shi ma ya riƙe zumuncin, ya zuba jari a garin, har da cibiyar wasanni da motsa jiki.

Wannan sassauci na wanda ya tsallaka teku ne kawai. Ɗan wasan da ya ajiye rigar Pillars ya sa ta wata abokiyar hamayya a cikin gida, musamman Enyimba ko wata maƙwabciya a Arewa, ba ya samun irin wannan addu'a, domin a ganin 'yan kallo ba gaba ya ci ba, gefe ya koma saboda ɗan ƙarin kuɗin sa hannu. Ranar da ya dawo Ƙofar Mata da baƙuwar riga, ihu ne ke tarbarsa. Gajerun kwantiragi da aka saba yi a gasar Najeriya, na kaka ɗaya ko biyu, sun sa irin wannan sauyi ya zama ruwan dare.

Ba kowace fita ce ke kaiwa Ingila ba. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, ya bar Pillars a 2014 zuwa Kuwaiti, ya ratsa Fotugal da Saifurus da Turkiyya, ya ci tagulla a Olamfik ta 2016. Junior Lokosa ya ci ƙwallo 19 a kakar 2018, ya ƙare a Espérance ta Tunisiya. Bayan waɗannan sanannu akwai tarin yaran da dillalai suka kai gwaji, wasu har iyaye sun sayar da fili don kuɗin jirgi, suka dawo shiru ko suka maƙale a can. Labarinsu ne ke ba masu cewa a yi haƙuri hujja.

A ɗaya gefen akwai Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele. Ya shafe fiye da shekara 10 yana sanye da rigar Pillars, ya yi kyaftin, ya ci ƙwallo sama da 100 a gasar ƙasa, yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin ƙalubale a Kaduna a 2019 bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenariti, kuma bai gudu ba da ƙungiyar ta faɗa ajin 'yan dagaji a 2022 har ta dawo a 2023. 'Yan kallo suna alfahari da Musa, amma irin ƙaunar da suke yi wa Rabi'u daban ce, ta wanda aka sha rana da ruwa tare da shi.

A 'yan shekarun nan al'amarin ya sake sabon salo. Makarantun koyon ƙwallo masu zaman kansu sun yawaita a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, masu farautar 'yan wasa daga Turai kuma kai tsaye suke zuwa wurinsu. Yaro yana iya tashi daga filin ƙasa na unguwa ya sauka a Noway ko Beljiyam ranar da ya cika 18 ba tare da ya taɓa buga gasar ƙasa ba. Ɗan kallon Pillars na yau yakan fara jin sunan ɗan garinsu ne a Facebook, bayan ya riga ya sa hannu a waje. Ƙorafin ya tashi daga «an sayar mana da yaro» ya koma «me ya sa ba mu taɓa ganinsa a nan ba».

Manyan da suka tafi kuwa sun fara dawowa. Ahmed Musa ya sake sa rigar Pillars na ɗan lokaci a Afrilun 2021 bayan ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya, ya wuce Turkiyya, sannan ya dawo a Oktoban 2024, inda ya ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. Shehu Abdullahi ma ya komo. A Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano ta naɗa Musa babban manajan ƙungiyar, don haka tambayar ko a riƙe matashi ko a sake shi, da ta nawa aka sayar, ta koma teburinsa.