Yadda aka matse fim har ya shiga cikin waya

Duk wanda ya taɓa zura wa da'irar nan ido tana juyawa a tsakiyar bidiyo ya san zafin jira. Sai dai idan aka dubi lissafin, abin al'ajabi shi ne yadda bidiyon ke isowa tun farko.

Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, galibi 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Kowane hoto kuma tarin ɗigo-ɗigo ne da ake kira pikisel. Hoto mai ingancin 1080p yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2. Idan ba a rage komai ba, daƙiƙa ɗaya tak tana cin kusan bit biliyan 1.5, bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai. Modem ɗin layin tarho na ƙarshen shekarun 1990 bit 56,000 yake iya ɗauka a daƙiƙa, wato sai an shafe sama da awa 7 kafin a sauke wannan daƙiƙa guda.

Mafita ta farko ta zo ne daga lissafi. A 1972 Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Bangalore da ke koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas a Amurka, ya gabatar da wata dabara da ake kira DCT. Shi da T. Natarajan da K. R. Rao suka wallafa ta a Janairun 1974. Dabarar tana tace hoto, ta ware ƙananan bayanan da ido ba ya lura da su, domin a zubar. Aka haɗa ta da wata hikimar: tun da hoton da ke biye kusan ɗaya yake da na gabansa, abin da ya sauya kaɗai ake aikawa. Manhajar da ke matsewa da warwarewa ita ce kodek.

A 1988 aka kafa ƙungiyar MPEG domin kamfanoni su bi ƙa'ida ɗaya. Ƙa'idarta ta farko, MPEG-1, ta fito a 1993, kuma a kanta aka gina faifan VCD da finafinan Hausa suka koma kansa bayan kaset. Faifai ɗaya bai wuce kimanin minti 74 ba, shi ya sa ake raba dogon fim biyu. H.264 ta zo a 2003, YouTube a 2005, Netflix kuma ya fara nuna finafinai ta intanet a 2007.

Matsala ta biyu ita ce hanya. Faɗin hanya shi ne yawan bit ɗin da layi ke iya ɗauka a daƙiƙa, nauyin bidiyo kuma shi ne yawan da yake buƙata. Wayarka tana tara 'yan daƙiƙu a rumbu kafin ta fara nunawa. Idan nauyi ya fi ƙarfin hanya, rumbu ya ƙare, da'ira ta fara juyawa. A 2009 Apple ya fito da tsarin HLS, wanda ke yanka bidiyo gunduwa-gunduwa a matakan inganci daban-daban, na'ura ta zaɓi wanda layinta zai iya ɗauka. Wannan ne dalilin da hoto ke dusashewa maimakon ya tsaya.

Hanyar nan kuwa kebul ce shimfiɗe a ƙarƙashin teku. Kafin MainOne da Glo-1 su fara aiki a 2010, Najeriya ta dogara ne da SAT-3 da tauraron ɗan adam. A ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, har hada-hadar bankuna ta tangarɗe.

Sanin waɗannan kalmomi yana da amfani ga aljihu. Bidiyon da ke gudana a kan megabit 5 a daƙiƙa yana cinye sama da gigabait 2 cikin awa guda. Wanda ya sauke inganci zuwa 480p a ƙaramin allon waya ba lallai ya ga bambanci mai yawa ba, amma datarsa za ta kai shi nesa.