Allunan Talla Masu Wuta: Lasisi da Izinin da Doka Ta Wajabta wa Masu Kafa Su a Najeriya

Allon talla mai haske, wanda ake gani a saman shago ko a bakin babban titi, yana ƙarƙashin ikon hukumomi uku mabambanta a Najeriya. Ɗaya tana duba wayar da ke ba shi wuta, ɗaya tana duba wurin da aka kafa shi, ta ukun kuma tana duba abin da aka rubuta a jikinsa. Takardar ɗaya daga cikinsu ba ta tsayawa a madadin ta sauran. Rashin sanin haka ne ke sa mai sana'ar kafa allo ya kammala aiki, sannan a zo a cire shi, ko a ci tarar mai shago, ko kuma, mafi muni, wuta ta halaka wani.

Wanda doka ta yarda ya taɓa waya

Hukumar Kula da Ingancin Ayyukan Lantarki ta Najeriya, wato NEMSA, ita ce ke da alhakin tabbatar da cewa duk wani aikin lantarki ya cika ƙa'ida. An kafa ta da dokar shekarar 2015, kuma Dokar Lantarki ta 2023, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na wannan shekarar, ta ci gaba da ɗora mata wannan nauyi. Shugaban hukumar shi ne kuma Babban Sufeton Lantarki na Tarayya.

NEMSA ce ke tantance masu aikin wayarin, mutum ɗaya ne ko kamfani, ta ba su takardar shaidar ƙwarewa. Takardar tana da matakai gwargwadon girman aikin da mai ita zai iya ɗauka, kuma ana sabunta ta. Takardar gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa, ko ta hukumar jarrabawar NABTEB, shaida ce cewa mutum ya koyi aikin, amma ba su ne izinin NEMSA ba.

Wannan ya shafi masu kafa allo kai tsaye. Yawancinsu masu walda ne, ko masu zane da buga rubutu, waɗanda suka koyi haɗa fitila a bakin aiki. Ƙera firam da liƙa rubutu sana'arsu ce. Jan waya daga akwatin rarraba wuta na gini zuwa allon kuwa aikin lantarki ne, sai mai takardar shaida. Wanda ba shi da ita sai ya ɗauko mai ita, ya sanya ladansa a cikin lissafin kwangila tun farko.

Dalilin tsaurara ƙa'idar

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma ta isa ta kashe mutum. Allon talla yana waje dare da rana, ruwan damina na dukansa, ƙurar hunturu na shiga cikinsa, rana na busar da robar wayoyinsa, jikinsa kuma galibi ƙarfe ne. Idan waya ta saɓule ta taɓa firam, duk allon da turkensa sun ɗauki wuta, alhali babu wata alama da mai wucewa zai gani.

Saboda haka ne aiki mai inganci ke buƙatar abubuwa huɗu. Na farko, a haɗa jikin ƙarfen da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Na biyu, a sanya na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa, irin wadda ke aiki a kan miliamfiya 30. Na uku, a ba allon makunni nasa na daban a inda hannu zai kai, domin mai gyara ko 'yan kwana-kwana. Na huɗu, a rufe duk wata mahaɗar waya a cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, kamar mai lambar IP65.

Fitilun LED, waɗanda suka mamaye kasuwa yanzu, yawanci da bolt 12 ko 24 suke aiki, abin da ke sa wasu su ɗauka babu haɗari. Sai dai na'urar da ke rage musu wuta daga bolt 230 take sha, kuma sau da yawa a cikin allon ake ɓoye ta. Tsofaffin fitilun niyon kuwa taransifomarsu na iya kaiwa bolt 15,000. Dangane da kayan aiki, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, tana da tsarin MANCAP na kayan da aka ƙera a gida da SONCAP na waɗanda aka shigo da su. Waya maras inganci takan yi zafi ta narke kafin fis ya tsinke.

Tazara daga manyan wayoyi

Ƙa'idojin samar da lantarki da haɗa shi na 2015, waɗanda hukumar NERC ta fitar, sun keɓe filin da ba a gini a cikinsa a ƙarƙashin manyan wayoyi. Layi mai ƙarfin kilobolt 330 yana da mita 50, wato 25 a kowane gefe. Mai kilobolt 132 yana da mita 30, wato 15 a kowane gefe. Masu kilobolt 33 da 11, waɗanda su ne ke ratsa unguwanni da kasuwanni, suna da mita 11, wato biyar da rabi a kowane gefe. Ba sai ƙarfe ya taɓa babbar waya ba kafin wuta ta tsallako. Kusantarta kaɗai ta wadatar. Haka kuma, saƙala waya a falwaya domin haska allo ba tare da mita ko yardar kamfanin rarraba wuta ba satar lantarki ce, laifin da dokar 2023 ta tanadar wa hukunci.

Izinin wurin da za a kafa

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da tallan waje a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A aikace, jihohi da dama sun kafa hukumomi na musamman da ke wannan aiki. Legas ta kafa LASAA da dokar 2006, Oyo na da OYSAA, Ribas na da RISAA, Anambra na da ANSAA, Kwara kuma na da KWASAA. A Abuja, sashen DOAS na Hukumar Gudanarwar Babban Birnin Tarayya ne ke da wannan hurumi.

Waɗannan hukumomi sukan bambanta allo iri biyu: wanda mai shago ya kafa a harabarsa da sunan kasuwancinsa, da babban allon da kamfani ke kafawa yana ba wasu haya. Dukansu biyu suna buƙatar izini, kuma galibi shekara-shekara ake sabunta shi, amma sharuɗɗan na biyun sun fi tsauri. Babban allo tamkar gini ne da iska ke turawa da ƙarfi, musamman a farkon damina, don haka ake neman zanen tubalinsa da ƙarafunansa daga injiniyan da ke da rajista da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar. Kuɗin izini da girman allon da aka yarda da shi sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma izinin wata jiha ba ya aiki a wata.

Abin da aka rubuta a jikin allon

Hukumar Kula da Tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, ita ce ta gaji APCON da aka kafa a 1988, bayan tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu a sabuwar doka a 2022. Ita ke yi wa masu sana'ar talla rajista, ta ba kamfanonin talla lasisi, ciki har da masu manyan alluna. Tana da kwamitin da ke tantance talla kafin a nuna wa jama'a, kuma a 2023 aka ƙaddamar da kotu ta musamman mai shari'ar laifukan talla. Daga ranar 1 ga Oktoba, 2022, hukumar ta haramta amfani da baƙi 'yan ƙasashen waje a hotuna da muryoyin tallan da aka shirya domin kasuwar Najeriya.

Wasu kayayyakin suna da ƙarin sharaɗi. Tallan magani, abinci da kayan kwalliya sai da amincewar NAFDAC. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 kuwa ta haramta tallan sigari ga jama'a. Ko da yake mai kaya da kamfanin talla ne ke neman waɗannan takardu, asarar takan faɗa har kan mai kafawa, domin idan aka sauke allo, sau da yawa ragowar kuɗin aikinsa ne ke maƙalewa.

Kafin a ɗora tsani

Mai kafa allo da ke son kare kansa zai nemi ganin izinin wurin daga hukumar jiha ko ta Abuja, da shaidar tantance saƙon idan talla ne, da amincewar NAFDAC idan kayan na ƙarƙashinta. Zai auna tazarar wurin daga wayoyin sama, ya tabbatar cewa ta mita wutar za ta biyo, ya kuma rubuta suna da lambar takardar wanda ya yi wayarin. Yana da kyau a bayyana a rubuce wanda zai ɗauki nauyin kowace takarda da wanda zai riƙa duba allon bayan an kafa shi. Kwafin waɗannan takardu su ne hujjarsa a ranar da jami'an hukuma suka zo, ko aka samu hatsari aka fara neman mai laifi.